Kangon Mai Nasara

Daga Hindu a Tasawa, zuwa ga ɗan wanta Maharazu, mai ginan rijiya a Isawane. Watan Sha'aban, shekara ta 1308 bayan Hijira.

Gaisuwa da sa albarka gare ka, ɗana, kai da Zuhura da ɗiyanku uku. Ni lafiyata lau, sai gwiwar nan ta hagu da ta rantse ba zan ƙara sallah a tsaye ba. Malam Bilal ne ke rubuta mini, na kuwa ce mashi ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki.

Bayan haka, Tasawar da ka bari ba ita ce yau ba. Tun da ciwon shanun nan ya faɗo mutanen daji ke ta kwararowa cikin ganuwa, makiyayan da garkensu ya ƙare da manoman da ke gudun mahara. Filin da kuke langa kuna yara duk bukkoki ne, ko jaki ba ya ratsawa da kaya. Ƙanen marigayi mijina, wanda nake zaune gidansa, ya raba zaurenmu biyu da zana, kowane gefe damin gero duk wata. Zaure fa, inda baƙo ke sauka kyauta tun kakanni. Na ce mashi bai ji kunya ba, ya ce kowa haka yake yi. Wani bawan Allah kuma jakinsa sukutum ya bayar don wurin kafa bukka ɗaya a bakin juji.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Mai unguwa Mahaman na zagaye da igiya yana awon kangaye. An yi shela a kasuwa cewa duk gidan da ya sha damina uku ba hayaƙi a cikinsa ya zama na gari, a ba mabuƙata. Gidan ubanka Mai Nasara ya sha biyu tun rasuwarsa. Jinkar ɗakin uwarka ta rufta, tumfafiya ta fito tsakar gida har ta fi ni tsawo. Jiya na ga Mahaman tsaye ƙofar yana leƙe, na fito na tambaye shi ko ya yar da wani abu ne ciki. Ya yi dariya ya ce in gai da kai, in ce maka hadari ya kusa.

Ka taho kafin ruwan fari. Ko ba ka zo da kowa ba, ka zo ka ɗora jinka, ka hura wuta, a gan ka. Shekara huɗu kana gina wa mutane rijiya, gidan ubanka na zubewa. Tanna mai jakunan kanwa zai kawo maka takardar nan, shi za ka ba amsa.

Gwaggonka, Hindu.

*

Daga Maharazu a Isawane, zuwa ga Gwaggo Hindu. Watan Azumi.

Gwaggo, ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, sannu da gwiwa, sannu da ƙishirwa. Zuhura ta ce ki riƙa gasa gwiwar da tsumma mai ɗumi. Yara lafiya, sai ƙaramin da ya yi zawo, ya kuma warke. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya fi sabawa da dagi.

Takardarki ta same ni ƙasan rami, gaba ashirin da biyu. Wani ardo ne ya sa ni aikin, ladana karsana biyu in na kai ruwa. Yashin da nake fitarwa yanzu da sanyi-sanyi yake a hannu, ban ce ya wuce gaba uku ko huɗu ba. Kin san ƙa'idar sana'armu, ita Baba ya bi har ya bar duniya: wanda ya fara rijiya shi ke kai ta ruwa. In na fito na bar ta, ba maginin da zai shiga ramin wani, ruwan fari kuma ya rusa bakinta, daga nan har Mayahi ba mai sake kirana. Ciwon shanun bai iso nan ba. Mutane na cewa ba ya son ƙasar yashi.

Karsanan nan nake so in koro gida. In sai da ɗaya in sayi azara, in yi ɗakin ƙasa a wurin na Inna, in huta da jinka. Ban manta da gidan ba, Gwaggo. Duk guga ɗaya na yashi da aka ja sama, don shi ne.

Saboda haka ki yi duk dabarar da za ki iya, hayaƙi ya tashi a gidan har kaka. Mahaman abokin Baba ne, tare suka yi ƙuruciya, ba na jin zai yi mana haka ido da ido.

Ɗanki, Maharazu.

*

Daga Hindu zuwa ga Maharazu. Bayan ƙaramar Sallah.

Barka da shan ruwa, Allah ya maimaita mana. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. A gai da Zuhura, na gode da magani.

Ka ce Mahaman abokin ubanka ne. To, abokin ubanka ya raba kangon Fatima mai koko gida uku ranar Laraba, ɗanta na Katsina bai ma ji ba tukuna.

Dabara ka ce in yi, na yi. Da fari duwatsun murhuna na kwasa na kai can. Kwana tara ina ɗingishi ina tsallaka lungu da tukunya, ina zuba ɗanyen itace don hayaƙin ya yi kauri kowa ya gani, har idona ya yi ja. Rana ta goma Mahaman ya shigo ya duba ya ce hayaƙin tsohuwar da ke kwana wani gida ba hayaƙi ba ne. Wai shi tabarma yake so ya gani, da randa, da shanya. Na so in kwaɗa mashi muciya, na tuna furfurarsa.

Sai Allah ya haɗa ni da wani makiyayi, Ishaƙu, daga wajen Hawandawaki. Shanu sittin ya bari kwance a daji cikin kwana ashirin. Abin da ya shigo da shi gari sandarsa ce, da matarsa Sa'a, da ɗiya biyu, da tsohuwarsa Adama wadda ba ta gani sosai. Gindin katangar masallaci na same su, sun kafa zane a kan sanda suna fakewa. Mutum ne mai kunya, ko ido ba ya haɗawa da ni.

Kada ka ce tsohuwa ta yi wauta. Na tara liman da Malam Bilal da shi kansa Mahaman, aka faɗa a gabansu cewa aro ne. Kara da zana kaɗai zai kafa. Ba tubali, ba dasa itace, ba rumbun ƙasa, don ka san wanda ya yi ɗaya cikin ukun nan a filin aro ya fara zama mai shi. Ranar da ka sauke kayanka, su ɗaure nasu. Ishaƙu ya dafa ƙirji ya ce ya ji ya yarda.

Ka ga gidan yanzu! Sa'a ta tumɓuke tumfafiyar, ta share har bayan ɗaki, Ishaƙu ya ɗora jinka da hannunsa. Tsohuwar takan zauna inda uwarka ke zama tana kaɗi, in na shiga ta gane ni da tafiyata. Mahaman ya wuce da igiyarsa shekaranjiya, ko waiwaye bai yi ba. Ka gama rijiyarka hankali kwance, gwaggonka ba ta mutu ba tukuna.

Hindu.

*

Daga Maharazu zuwa ga Gwaggo Hindu. Watan babbar Sallah, tsakiyar damina.

Gwaggo, ina gaisuwa. Muna nan da rai. Zuhura na da ciki wata uku, ba ta iya riƙe abinci.

Ni ban ce ki sa mutane a gidan ba. Da na ce dabara, nufina ke ki riƙa girki can, ko ki koma can da zama, ko ki roƙi Mahaman ya ɗaga mana ƙafa. Na karanta takardarki sau uku, raina na ƙara ɓaci. Mutumin da ba shi da ko'ina, ina zai tafi ranar da na zo? Ba na zarginsa da komai, amma na ga yadda mutane suka koma a nan.

Rijiyar ta kawo ruwa a gaba ashirin da shida, ruwa mai daɗi, fari tas. Kwana goma sha ɗaya bayan haka ciwon ya iso. Garken ardo ya ƙare, karsanaina biyu suka bi, ɗaya da safe ɗaya da la'asar, ina riƙe da igiyarsu. Yanzu rijiyar na nan cike, ba mai sha sai awaki da mu. Makiyayan duk sun yi kudu. Na shuka ɗan gero bayan bukka, shi nake jira ya nuna mu samu guzuri, in ba haka ba da yau zan taso.

Da zarar takardar nan ta same ki, ki ba su haƙuri su tashi, tun ba su yi saiwa ba. Gwamma gidan ya zauna kango wata biyu in zo in yi da Mahaman da bakina. Ba ni da karsana, ba ni da aiki, abin da ya rage mini a duniya gidan nan ne.

Maharazu.

*

Daga Hindu zuwa ga Maharazu. Ƙarshen kaka.

Ɗana, ina gaishe ka, ina yi maka jajen karsananka. Allah ya sauki Zuhura lafiya. Ni ban san me zan ce game da lafiyata ba, abinci ma ba ya shiga.

Takardarka ta damina shekaranjiya waccan ta zo hannuna. Tanna ya kwanta zazzaɓi a Mayahi, tana cikin burgaminsa wata uku. Ina ta cewa shirunka yarda ce. Da ta zo kan kari da na tashe su, ko da ina kuka ne. Malam Bilal ya ce in sassauta abin da zan faɗa, na ce ya rubuta kawai.

Ana cikin yankan gero aka ce an ga ƙurar mahara ta gabas. Aka rufe ƙofofin gari kwana uku, ba shiga ba fita. A rana ta farko da hantsi Adama ta cika, tana zaune da mazarinta a hannu. Maƙabarta kuwa ka san bayan ganuwa take. Ishaƙu ya je ƙofar yamma ya roƙa, aka koro shi. Muka jira har washegari, ga zafin kaka, ga gawa a ɗakin kara, ga ɗiya ƙanana. Liman ya zo ya ce ba a barin Musulma haka, a rufe ta inda ta cika, kamar yadda mutanen da ke yi.

Ni na yi mata wanka. Farin da na ajiye don likkafanina shi na ciro na ba su. Da masu gina kabari suka tambayi inda za su sa dagi, duk aka juyo ana dubana, don ni ce mai gida a wurin. Na nuna masu bayan ɗakin uwarka, inda ƙasar ke da taushi. Ba zan yi maka ƙarya in ce ban tuna abin da kabari ke jawowa a filin aro ba. Hannuna na miƙe na tuna. Amma Sa'a na riƙe da ƙafar tsohuwar tana kuka, in ce masu me? Maharan ma ashe ba su zo ba, ayarin raƙuma ne.

Da takardarka ta zo na ɗauki sandata na je na gaya wa Ishaƙu. Ya daɗe yana duban bayan ɗakin, sannan ya sa takalmi ya tafi gidan Mahaman. Da azahar aka tara mu, su ɗin dai da suka shaida aron. Na tuna masu sharaɗi ɗaya bayan ɗaya, na ce ba a ambaci kabari ba. Mahaman ya ce ba a ambata ba don ba ya buƙatar ambato.

Ya ce, "Hindu, ba a raba mutum da kabarin uwarsa. Kuma ke kika nuna wurin."

Liman ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Na zagi Mahaman, na zagi igiyarsa, na faɗa mashi abin da ubanka zai ce da yana raye. Ya bar ni na gama, ya ce damina ta uku ta wuce, mai gida bai zo ba.

Ishaƙu ya fara buga tubali. Matar wansa ta iso da ɗiya biyar, su ma suna ciki. Kullum da safe Sa'a na aiko mini da kunu, ina mayarwa. Ɗakina kuma ƙanen mijina ya sa mini mata biyu baƙi, ko wurin shimfiɗa buzu da ƙyar. Ka zo duk da haka, mu je fada tare, ko a jiƙanmu. Ni na yi wannan, ba wani ba, ka yafe mini.

Gwaggonka.

*

Daga Maharazu a Maijirgi, zuwa ga Gwaggo Hindu. Cikin sanyi.

Gwaggo, ina gaishe ki. Zuhura ta sauka, namiji, ita da shi lafiya. Na sa mashi sunan Baba.

Za ki ji a bakin mutane, gwamma ki ji a nawa. Na zo Tasawa ranar kasuwa, wata biyu ke nan. Mai tsaron ƙofa ya tambaye ni gidan wa zan sauka, na ce gidan ubana. Ya ce wane ne ubana. Yaro ne da ban taɓa gani ba, harshensa ma ba na garin ba ne. Na bar su Zuhura gindin tsamiya na shiga ni kaɗai. Na tsaya bakin lungunmu na ga sabuwar katanga ta kai ƙirji, na ga shanya, na ji ana daka. Wata yarinya ta leƙo ta ce wa nake nema. Ƙofarki na gabana, taku ashirin, ban iya ƙarasawa ba. Na ji tsoron abin da bakina zai faɗa maki.

Fada kuwa na je. Na wuni a ƙofa cikin mutane sun fi arba'in, kowa maganar kango ce ta kawo shi, aka ce abin da mai unguwa da liman suka yanke ya yanku. Na nemi ɗaki a unguwa huɗu. Mafi sauƙi dami biyu duk wata, ni kuwa duka geron da na zo da shi dami shida ne.

Nan Maijirgi wani mutum ya ba ni kusurwar gidansa don in yashe mashi rijiya. Labarin Tasawa ya riga ni zuwa, kowa ya koyi wayo. Ranar haihuwa matar gidan ta tsaya kan ungozoma sai da aka fita da mabiyiya bayan danga, can cikin gona, aka rufe ta. Wai kada wani abu namu ya shiga ƙasarsu. Da ni ne mai gidan wataƙila haka zan yi.

Fushin ya sauka, Gwaggo. Da ni ke tsaye wurin, da gawar tsohuwa a gabana, ban san inda zan nuna ba in ba nan ba. Na yafe, ke ma ki yafe mini wucewar da na yi. Ki riƙa karɓar kunun.

Abu ɗaya nake roƙo. Cikin takardar nan akwai ɗan ƙulli na farin ƙyalle, cibiyar yaron ce, ta faɗi ranar kwana shida. A gidanmu kin san inda ake rufe ta, gindin katangar gabas, inda tawa take, da ta Baba, da taki. Na ɗiyan nan uku suna warwatse a garuruwan mutane, wannan ɗin nake so ya samu. Ba fili nake nema ba, ramin bai fi tafin hannu ba. Ki roƙar mini Ishaƙu.

Ɗanki, Maharazu.

*

Daga Hindu zuwa ga Maharazu.

Barka da arziki, Allah ya raya mai sunan wana, ya ba uwarsa lafiyar shayarwa. Na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki har baƙin nan suka zaci na taɓu. Ga ɗan kanwa da barkono nan Tanna zai kawo na kunun jego, iyakar abin da hannuna ya kai ke nan.

Na je. Na sa zanena na Juma'a, na yi sallama a ƙofar gidan da aka haife ni, na jira aka ce in shigo. Ishaƙu ya taso da sauri ya shimfiɗa mini tabarma, Sa'a ta kawo ruwa. Na kwance ƙullin na nuna masu, na faɗi abin da ka ce, ban ƙara ba ban rage ba. Ban taɓa roƙon mutum da murya irin wannan ba tun da uwata ta haife ni.

Sa'a ta fara hawaye, ta tashi za ta ɗauko fartanya. Ishaƙu ya ce ta zauna. Sannan ya juyo gare ni. Ya ce shi ya san alherin da na yi masu, ya san farin da uwarsa ke kwance ciki nawa ne, kuma in ina so in dawo gidan da zama gobe zai gina mini ɗaki. Amma yaron nan zai girma, wata rana a nuna mashi katangar gabas a ce ga cibiyarka, shi kuma nasa ɗiyan ba su da ko'ina.

Ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Ni ma haka na samu gidan."

Na so in yi faɗa, faɗan bai zo ba. Na naɗe abina na fito. Ya rako ni har bakin lungu yana ba ni haƙuri, ban juya ba.

Ƙanen mijina ma na tambaye shi ko a gindin ɗakina, ya ce gidansa ba na zuriyar Mai Nasara ba ne. Don haka tana nan wurina, ɗaure a bakin zanena, inda nake sa goro. Na gaya wa Malam Bilal, na kuma sa ya rubuta a nan don ka zama shaida: ranar da aka ɗauke ni zuwa bayan ganuwa, a sa ta cikin hannuna a rufe mu tare. Can dai har yanzu ba a fara awo da igiya ba.

Gwaggonka, Hindu.